Ofsted Ba Ta Ce a Tara Mata Takardun Aro Ba

Wata baiwar Allah da ke rainon yara a gidanta a unguwarmu nan Manchester, wadda autana ya zauna a hannunta kafin ya shiga makaranta, ta kira ni kwanakin baya murya na rawa. Sufeton Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da wuraren rainon yara a Ingila, ta bugo mata waya, za ta zo dubata a cikin makon. Ta ce, "Yaya, don Allah ki leƙo ki taya ni duba takardun nan, kaina ya ɗau zafi."

Na tarar da ita zaune a ƙasa, ta baje wani ƙaton fayil mai zobe, kowace takarda cikin ledarta. Ka'idojin aiki ne da ta saya a intanet, an liƙa sunanta a saman kowane shafi. Na zaro ɗaya. Bayani take a kan abin da manaja zai yi in gobara ta tashi, da yadda ma'aikata za su taru a filin ajiye motoci. Matar nan ita kaɗai ce, ba manaja ba ma'aikaci, gidan kuma irin na jere ne da ƙofarsa ke fita kan titi. Wata takardar a kan motar kwasar yara ce. Ita ko tuƙi ba ta iya ba.

Ra'ayina shi ne: wannan fayil ɗin ba ya kare yaro, ba ya kare mai raino, kuma doka ba ta ce a yi shi ba. Amma ba na tare da masu cewa a watsar da rubutu gaba ɗaya. Mai raino tana buƙatar 'yan shafuka kaɗan da ita ta rubuta da kanta, a kan gidanta da yaran da ke hannunta, waɗanda in an tashe ta daga barci za ta iya faɗin abin da ke ciki. Sauran duk asarar tawada ce.

Abin da dokar ta ce

A Ingila, duk wadda za ta riƙe yaran da ba danginta ba 'yan ƙasa da shekara 8 a gidanta, fiye da awa biyu a rana, kuma ana biyanta, sai ta yi rajista. Tun 2001 Ofsted ce ke riƙe da wannan rajistar, bayan an karɓe ta daga hannun ƙananan hukumomi. Daga 2014 kuma an buɗe hanya ta biyu, wato mutum ya yi rajista da wani kamfani mai lasisin kula da masu raino. Kundin da ake aunawa da shi shi ne EYFS, wato ka'idojin kula da ƙananan yara da koyar da su, wanda ya fara aiki a Satumba 2008. A Janairu 2024 aka fitar da na masu raino a gida daban, aka raba shi da na manyan gidajen raino.

A cikin wannan kundin an faɗa ƙarara: mai rainon da rajistarta ta ƙananan yara ce kawai, ba dole ba ne ta rubuta ka'idojinta. Abin da ke dole shi ne ta iya bayyana su ga iyaye da sufeto, in kuma tana da mataimakiya ta tabbatar ita ma tana bin su. Manyan gidajen raino ne aka wajabta wa rubutawa.

Akwai wani lungu da ake yawan mantawa. Yawancin masu raino suna kuma ɗauko yara daga makaranta da yamma, 'yan shekara 5 zuwa 7, wannan kuwa rajista ce ta biyu. A ƙarƙashinta abu biyu ne sai an rubuta: yadda za a kare yara daga cutarwa, da yadda iyaye za su kawo ƙorafi. Biyu. Ba arba'in ba.

To ina sauran suka fito? Daga tsoro, da kuma masu cin abinci da tsoron. Akwai masu sayar da shiryayyun takardu da sai dai ki sa sunanki. Akwai jami'an ƙaramar hukuma masu ba da shawara, waɗanda jerin da suke zuwa da shi asalinsa na gidan raino mai yara sittin ne. Akwai kuma mu kanmu: wance ta ce sufetonta ya tambaye ta takardar kula da dabbobi, sai kowa ta je ta nemo tata, har da wadda ko kyanwa ba ta taɓa ajiyewa ba.

"Ai yawa ba ya ɓata"

Wannan ita ce amsar da na fi ji. In an tambaya akwai, in ba a tambaya ba, ba a yi asarar komai ba.

An yi asara. Duk abin da kika rubuta da sunanki a sama, kin ɗaure kanki da shi. In takardarki ta ce kina gwajin fita daga gida saboda gobara kowane wata, sufeto ta tambaye ki yaushe kika yi na ƙarshe, kika tsaya kallon silin, to takardar da kika saya don ta cece ki ita ce ta ba da shaida a kanki. Da ba ki rubuta ba, kika ce, "Ƙofar gaba muke bi, in ta toshe mu bi ta kicin, jaririn na ɗauke shi a hannu, manyan biyu su riƙe juna, mu tsaya gaban gidan maƙwabciyata," da kin wuce lafiya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Sufeto ba jarrabawar karatu take zuwa yi ba. Tana zuwa ta zauna a falonki wasu awanni, ta ga yadda kike magana da yaro mai shekara biyu da ya ƙi sakin abin wasa, ta ga inda kike canza kunzugu, ta ga ko kin wanke hannu, ta tambaye ki me wannan yaron ya iya watan jiya kuma me kike so ya iya nan gaba. Sai ta jefo tambaya irin wannan: in yarinya ta zo da tabo a cinya, uwarta ta ba da labari iri biyu, wa za ki kira? A nan ba a buɗe fayil. Ko kin sani ko ba ki sani ba. Ofsted da kanta ta sha nanatawa cewa ba ta son a shirya takardu na musamman saboda zuwanta.

Sannan akwai lokaci. Mai raino tana buɗe ƙofa tun bakwai da rabi na safe, wani uban ba ya zuwa sai shida ta wuce. Bayan nan ga shara, ga wanki, ga nata iyalin. Daren da ya kamata ta huta, ko ta shirya abin da yara za su yi gobe, shi take ƙarewa gaban firinta. Alƙaluman Ofsted sun nuna masu raino a gida sun kai kusan 48,000 a 2015, zuwa 2023 sun koma ƙasa da 28,000. Ba zan ce takarda ce kaɗai ta kore su ba. Kuɗin da ake biya bai taka kara ya karya ba, wasu sun tsufa, korona ma ta yi nata. Amma ki zauna da duk wadda ta bari, da wuya hira ta yi nisa ba ta ambaci takardu ba. A kasafin 2023 gwamnati ta kai ga yin tayin fam 600 ga sabuwar mai rajista da Ofsted, fam 1,200 ga mai shiga ta hanyar kamfani, don dai a jawo mutane. Ana jawo su ta ƙofar gaba, fayil na korarsu ta baya.

"To a bar rubutun mana, ai amana ce"

Wannan kuma daga ɓangarenmu take fitowa, kuma na fahimce ta. Mun taso inda uwa za ta miƙa goyonta ga maƙwabciya ta tafi unguwa, ba takarda ba sa hannu. Har su Turawan abin ya taɓa ɗaure musu kai: a 2009 Ofsted ta gaya wa wasu 'yan sanda mata biyu da ke riƙe wa juna yara cewa abin da suke yi ya saɓa doka tunda ba su da rajista, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har sai da gwamnati ta gyara dokar ta cire irin wannan taimakon juna tsakanin ƙawaye. Don haka ba mu kaɗai ke ganin wani lokaci ana wuce gona da iri ba.

Amma raino na kuɗi daban yake da taimakon maƙwabta. Kuma mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana, bai kamata a ce mu ne masu gudun rubuta yarjejeniya ba. Yawancin rigimar da na gani tsakanin iyaye da masu raino a cikin jama'armu ba a kan duka ko rauni ba ne. A kan kuɗi ne da lokaci. Za a biya ranar da yaro bai zo ba? In an tafi gida hutun wata guda fa, a riƙe masa gurbi kyauta? Ranar Sallah mai raino za ta rufe? Uwa ta makara awa ɗaya, akwai ƙari? Duk an yi shiru a kansu ranar farko saboda kunya, ana "haba Anti, ai mun zama ɗaya." Wata shida baya an daina gaisawa a masallaci. Rabin shafi da kowa ya sa wa hannu da ya hana wannan, kuma ba ruwan sufeto da shi.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Wata uwa za ta ce miki, da zuciya ɗaya, "In ya yi rashin ji ki zane shi, ɗanki ne." A ƙasar nan an haramta wa mai raino dukan yaro tun 2003, ko da iyayensa sun yarda, kuma ko barazanar duka ba a yarda da ita ba. In kin rubuta layi uku cewa a gidan nan ba a duka, ga abin da ake yi in yaro ya ciji ɗan'uwansa, kin huta da gardama, kin kuma kare kanki ranar da yaron zai je makaranta ya ce Anti tana da bulala.

Waɗanda suka cancanci tawada

Na farko, kuma wanda zan daɗe a kansa, shi ne na kare yara. Ba don doka ta wajabta shi ga masu ɗauko 'yan makaranta kaɗai ba. Dalilin shi ne ranar da za ki buƙace shi, hankalinki ba ya jikinki.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya ji labarin Victoria Climbié, yarinya 'yar Kodebuwa mai shekara 8 da ta rasu a Landan a Fabrairu 2000 a hannun 'yar'uwar kakanta da saurayin matar, da tabo 128 a jikinta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin waɗanda suka fara ganin raunukan har da matar da ke rainonta a gida, kuma 'yar matar ce ta kwashe ta zuwa asibiti. Wato mai raino ta gani. Daga nan ne maganar ta ɓace tsakanin asibitoci da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Binciken Lord Laming da ya fito a 2003 ya yi ta komawa kan abu ɗaya: an gani ba a rubuta ba, an rubuta ba a miƙa ba, an miƙa ba a karanta ba.

Shi ya sa takardar kare yara mai amfani gajeriya ce. Lambar sashen kula da yara na ƙaramar hukumarki, da ta dare da ƙarshen mako, domin irin wannan abu ya fi son yammacin Juma'a. Alamomin da za su sa ki ɗaga waya. Cewa in yaro ya fara ba ki labari, ba za ki yi masa tambayoyin jan baki ba, ba za ki yi masa alkawarin rufa asiri ba, za ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su da rana da lokaci. Sai sashen da kowa ke tsallakewa don ba daɗin karantawa: in ke aka zarga, ko mijinki, ko ɗanki saurayi. Akwai jami'i na musamman a kowace ƙaramar hukuma da ake kai wa irin wannan zargi, kuma dole a sanar da Ofsted cikin kwana 14. Duk wanda ya kai shekara 16 a gidan sai an yi masa binciken DBS, wato a duba ko yana da tarihin aikata laifi. Mu masu yawan baƙi, ƙanin miji ya zo karatu ya sauka a ɗakin sama "kafin ya samu wuri," wannan ya shafe mu kai tsaye, kuma takardar da aka saya a intanet ba ta san da shi ba.

A cikin wannan takardar ne ake son a faɗi yadda ake amfani da waya da kyamara. Wannan ya samu ƙarfi ne bayan abin da ya faru a Plymouth a 2009, inda aka kama wata ma'aikaciyar gidan raino tana cin zarafin jarirai tana ɗaukar hoto da wayarta. A babban gidan raino sai a ce kowa ya kulle wayarsa a loka. Mai raino a gida ba za ta iya ba, da wayar take kiran motar asibiti, da ita take tura wa uwa hoton ɗanta yana fenti. Don haka in kin kwafo dokar "ba a yarda da waya ba," kin rubuta ƙarya. Ki faɗi gaskiya: wace waya, hoton wa, ina yake zuwa, yaushe ake gogewa, kuma ba ya hawa Facebook ko status.

Na biyu, magani da rashin lafiya. Ka'idar a fili take: ba a ba yaro kowane magani, ko da Calpol ne, maganin zazzaɓin yara, sai da izinin iyaye a rubuce, kuma duk lokacin da aka ba shi a rubuta a gaya musu. Mai asfirin a ciki sai likita ya rubuta. Yaron da ya yi amai ko gudawa sai ya yi awa 48 da warkewa kafin ya dawo. A nan ma namu ya sha bamban. Uwa za ta zo da 'yar kwalba ba suna ba rubutu, ta ce jiƙo ne Hajiya ta aiko daga gida, a ba shi cokali ɗaya da rana. Ki yanke shawara tun yau me za ki ce, ki rubuta, domin a bakin ƙofa da safe, tana sauri za ta kama bas, kunya ba za ta bar ki ki ce a'a ba.

Abinci ma haka. Akwai abubuwa 14 da doka ta lissafa masu tayar wa wasu mutane da ciwo, ciki har da gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da kifi. Ki duba girkinmu: ƙuli-ƙuli a cikin yaji, gyaɗa a miyar taushe, kunun gyaɗa, man gyaɗa a kusan komai. An kuma ƙara tsaurara batun cin abinci, dole yaro ya kasance ana ganinsa ana jinsa duk lokacin da yake ci, saboda shaƙewa ba ta da ƙara. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Wannan ba sai an yi masa shafi goma ba, takarda ɗaya a jikin firji mai sunan kowane yaro da abin da ba ya ci ta fi.

Sai abin da za a yi in yaro ya ɓace, ko iyaye ba su zo ɗaukarsa ba, da hanyar ƙorafi. Ƙorafin da aka kawo a rubuce dole a bincika a ba da amsa cikin kwana 28. Waɗannan kowanne sakin layi ɗaya ya ishe shi.

Inda ake faɗuwa da gaske

Abin haushin shi ne, masu kwana kan ka'idoji su ne sukan manta da bayanan yau da kullum, waɗanda su doka ta ce sai an ajiye. Rajistar wane yaro ya zo, ƙarfe nawa ya shigo, ƙarfe nawa ya tafi. Littafin haɗari, ko da goshi ya buga a tebur. Izinin magani. Lambobin da za a kira in an rasa iyaye. Taƙaitaccen rahoton ci gaban yaro tsakanin shekara 2 da 3. Inshora. Takardar horon agajin gaggawa na yara, wadda ke mutuwa bayan shekara uku, kuma ba ta sallama in za ta mutu.

Rajistar zuwa da tafiya ita ce ke nuna ko kin wuce adadi. Iyakar da aka saba da ita yara shida ne 'yan ƙasa da 8, uku kawai daga ciki ƙanana da ba su kai makaranta ba, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuma guda, kuma naki 'ya'yan suna cikin lissafi. Fayil mai kyan bango ba zai cece ki ba in rajistar makon jiya fanko ce. Ka'ida alkawari ne na abin da za ki yi, waɗannan kuwa shaidar abin da kika yi ne, kuma sufeto ta san wanne ya fi wuyar ƙirƙira dare ɗaya.

"Kina so a sassauta, yara su cutu"

Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta faɗa min haka, kuma ba maganar banza ba ce. Ta ce rubutu yana tilasta wa mutum yin tunani kafin abu ya faru. Na yarda. Amma rubutun da mutum ya yi da kansa ne ke sa shi tunani, ba wanda ya sauke ya buga ba.

In tarin takarda na kare rai, da manyan gidajen raino, inda doka ta wajabta rubuta komai, sun fi ko'ina aminci. A 2022 a Stockport, nan kusa da mu, jaririya 'yar wata tara ta rasu a wani gidan raino bayan an ɗaure ta rub da ciki a kan matashi an bar ta fiye da awa ɗaya. A 2024 kotu ta ɗaure matar da ta yi hakan shekara 14, kuma tana cikin shugabannin wurin. Ba rashin takarda ne ya kashe yarinyar nan ba. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da zai ji kukanta ya ɗaga ta.

Bari in ɗan ratse. Tun 2015 dokar yaƙi da ta'addanci ta ɗora wa masu raino nauyin lura da alamun tsattsauran ra'ayi, abin da ake kira Prevent, tare da koyar da abin da suka kira ɗabi'un Birtaniya. Na ga mata Musulmi da tsoron wannan ya sa suka cika bango da tutoci da hoton Sarki, suka sayi takarda mai shafi shida a kai, suna ganin su za a fi sa wa ido. Ina da ra'ayina a kan ko ya dace a ɗora wa mai canza kunzugu wannan aikin. Amma ko a nan ba a ce a rubuta takarda ta daban ba. Abin da ake nema a wurin ɗan shekara uku shi ne ya koyi jiran layi, ya saurari ɗan'uwansa, ya san Anti na azumi maƙwabta kuma na Kirsimeti, kuma duk ba abin faɗa ba ne. Mai rainon kirki tana yin wannan tun kafin a sa masa suna.

Tsoron ba na banza ba ne

Ba zan zauna ina yi wa matan nan dariya ba. Sakamakon bincike ana manna shi a intanet, iyaye na karantawa, kuma mummunan sakamako na iya sa ƙaramar hukuma ta janye kuɗin awannin da gwamnati ke biya. Yanzu da iyaye masu aiki ke samun awa 30 na raino a mako da gwamnati ke biya tun yaro na wata tara, wannan kuɗin shi ne jarin. Ga shi ana iya shekaru ba a zo ba, sai a auna ki da safiya ɗaya. Bayan rasuwar Ruth Perry, shugabar wata firamare a Reading da ta kashe kanta a Janairu 2023, mai binciken musabbabin mutuwa ta ce binciken Ofsted ya taimaka wajen abin da ya faru. Wannan ne ya kai ga soke hukuncin kalma ɗaya, wato taƙaita duk sakamakon bincike da kalma guda, aka koma sabon tsarin rahoto a Nuwamba 2025. In shugabar makaranta mai ma'aikata da ƙungiya a bayanta ta ji haka, ina ga mace ita kaɗai a falonta, baƙuwa a ƙasar, ana dubata ana duba kicin ɗinta da banɗakinta?

Don haka laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Muddin sufeto ɗaya zai ce "nuna min a rubuce" a kan abin da kundin bai wajabta ba, labarin zai zaga gari kafin magariba, masu sayar da takardu su samu kasuwa. Ofsted ce ya kamata ta ja wa ma'aikatanta kunne. Ƙananan hukumomi kuma su daina sa sharaɗin takardun da doka ba ta nema ba kafin su ba mai raino kuɗin awanni. Ita kuma mai raino tana da damar ta ce, cikin ladabi, "Ban rubuta wannan ba, amma bari in gaya miki yadda nake yi." Wannan amsa ce da kundin ya yarda da ita.

Saura masu cewa Turancinsu na rubutu bai kai ba, shi ya sa suke saye. Wannan uzuri ne na gaskiya, kuma doka na son mai raino ta iya Turancin da zai ishe ta ajiye bayanai, ta karanta takardar magani, ta kira agaji. Amma ba ta ce sai Turancin lauya ba. Ki zauna da 'yarki ko wata ƙawa, ki faɗi da Hausa abin da kike yi in yaro ya yi zazzaɓi, a mayar miki da shi cikin gajerun jimloli, ki karanta da ƙarfi har bakinki ya saba. In akwai kalmar da ba za ki iya bayyana wa uwa a bakin ƙofa ba, a cire ta. Ki sa kwanan wata a ƙasa, ki ba kowace uwa kwafi ta WhatsApp, duk lokacin da lambar ƙaramar hukuma ta canza ko wani ya tare a gidan ki gyara.